Fiyanon Kawu Bitrus da Kukan Jirgin Malam

Wata ranar Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji uku a firamare. Ana yayyafi, ni da ƙannena muna tarar ruwan indararo a bokiti, sai ga mai amalanke ya tsaya a ƙofar gidanmu na Ƙetaren Gwari da wani dogon akwati baƙi. Sabon ɗan hayarmu na biye da shi, ya rufa wa akwatin lema, shi kuwa ya jiƙe sharkaf. Sunansa Bitrus, mutumin kudancin Kaduna ne, aiki ya kawo shi Minna. Babana ya ba shi ɗakin da ke jikin zaure. Kafin magariba muka ji abin da ke cikin akwatin ya yi kuka, kajin gidan suka watse, mu kuma muka bar bokitanmu suna ambaliya muka yi cirko-cirko a bakin tagarsa.

Mu fiyano muke ce masa, amma Kawu Bitrus ya ce sunansa sintisaiza. Ba shi da fata irin ta kalangu, ba shi da tsirkiya irin ta garaya. A saman maɓallansa farare da baƙaƙe akwai wasu 'yan abubuwan murɗawa kamar na rediyo, kuma duk wanda ya murɗa sai muryar ta sauya. Yanzu ka ji iskar hadari, an jima ka ji kwaɗi, can kuma wata murya mai daɗi da ba ta kama da ta kowace halitta. Shi da abokansa suna kiɗan Turawa da ake kira rok a wani otal duk ƙarshen mako. Ya ce masu kaɗa jita su ne masu ihu, shi aikinsa ya shimfiɗa musu abin da za su taka. Ni dai na kamu da son abin. Sau nawa na bar wanke-wanke a jiƙe, ko na fice daga wasan carafke ana tsakiyar yi, don kawai na ji ya kunna.

Inna, kakata ta wajen uba, ita ce ba ta ɗauka ba. Idonta ya fara rauni a lokacin, amma kunnenta ko allura ta faɗi sai ta ji. "Akwatin aljanu" ta raɗa masa. Ta kira Baba ta ce in wata ya ƙare yaron nan ya kwashe kayansa, Baba kuwa bai taɓa musa wa Inna ba. Kawu Bitrus ya ji labari ya damu, domin kafin ya zo wurinmu gidaje da dama sun ƙi shi saboda akwatin. Na yi kuka a bayan ɗaki, na kuma yi kwanaki ina gaida Inna ciki-ciki.

Ana cikin haka, wata la'asar ina tsince mata wake a gefen tabarmarta, sai Kawu Bitrus ya shiga neman kukan jirgin ƙasa da zai buɗe wata waƙarsu da shi. Inna ta ajiye carbi ta miƙo mini hannu ta ce in kai ta. Na ɗauka yau korar za ta tabbata. Da muka isa sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ɗan nan, ba haka yake ba." Ya miƙe da sauri ya ce, "Mama, yi haƙuri, zan kashe." Ta ce a'a, ya kawo mata kujera.

A ranar na san cewa kakana Malam Sule, wanda ya rasu kafin a haife ni, direban jirgi mai amfani da kwal ne. Lokacin da suke zaune a gidajen reluwe kusa da tasha, in ya doso Minna yana da wata busa tasa shi kaɗai, da Inna ta ji sai ta ɗora ruwan wanka. Ita ta riƙa faɗa, Kawu Bitrus yana murɗawa. "Ya yi kauri." "Sa masa huci, tururi ne fa." "Ƙarshen yakan lanƙwasa, kamar mai tambaya ko ana gida." Gumi ya keto masa, ta kushe wannan ta kushe wancan, har inuwa ta cika tsakar gida. Can ya danna, busar ta fito. Sai Inna ta juyo wajena ta ce, "Maza a ɗora ruwa." Sannan ta tuna inda take, ta yi dariya, hawaye na bin kuncinta. Ban taɓa jin tausayinta kamar na ranar ba.

Irin wannan na'urar ba ta riƙe murya, da an murɗa ta tafi. Don haka Kawu Bitrus ya ari jan farcen yayata ya ɗiga alama a gefen kowane abin murɗawa. In ya dawo daga kiɗansu sai ya mayar da kowanne kan ɗigonsa. Da wata ya ƙare Baba ya nufi zaure don ya sallami Kawu Bitrus, Inna ta kira shi ta ce, "Bar yaron nan ya zauna. Amma ka gaya masa sauran hayaniyar ta aljanu ce har gobe." Ya zauna da mu shekaru, kuma duk Juma'a bayan la'asar sai jirgin Malam ya shigo gidanmu.

Yanzu Inna ta daɗe da rasuwa, Kawu Bitrus ma an yi masa canjin wurin aiki, labarinsa ya yanke mana. Ɗana yana haɗa kiɗa a waya, muryoyin da ke cikinta ba su ƙirguwa, kuma ba ta mantuwa. Kwanan baya na sa ya nemo mini kukan jirgi. Muka zauna yana gyarawa ina saurare, duk wanda ya fitar sai in ji kamar shi ne, sai kuma in yi shakka. Ni kwaikwayon kawai na taɓa ji, kuma mai cewa ba haka yake ba ta tafi.