Ruwan da Duwatsu Suka Aiko Mana

Mu mutanen ƙasar Ajingi ba mu san dutse ba sai na niƙa, shi ma sayo shi ake yi daga nesa. Ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai, yashi ne ko'ina. In ka hau rumbu, to ka gama hawa a duniya.

Saboda haka da yayana ya dawo daga haƙar kuza a ƙasar Jos, a shekarun farin nan na bayan yaƙin basasa, ya ce ya ga duwatsun da hadari ke kwana a kansu, sai gidanmu ya mai da shi abin dariya. Ni ce kan gaba, don tun ina budurwa bakina ba ya shiru. Na ce, "Kai Yaya, ji tsoron Allah! Hadarin har tabarma yake shimfiɗawa?"

Amma dariyar ba ta kai ciki ba. Damina biyu ta gaza, rijiyar unguwa ta ƙafe, kogin da ke wucewa kudu da garinmu ya koma yashi zalla. Baba ya yanke shawara mu bar gonar kakanni mu tafi Kano neman abinci. Inna ta ɗaure tukwane tana hawaye, ni kuwa takaici ya hana ni cin abinci, don ban taɓa kwana a wani gari ba.

Da yamma muna zaune, Yaya ya durƙusa ya ce, "Baba, a yi haƙuri a ɗan jinkirta. Kogi zai kawo."

Baba ya ɗaga kai sama, ba ko ɗigon gajimare. Ya ce, "Da wane ruwan? Ko a aljihu ka zo da shi?" Mu a saninmu, ruwan da bai zuba a kan danninka ba, ba a yi shi ba.

Yaya ya jawo akushi, ya zuba miya a kan malmalar tuwo, ta gangaro ta ko'ina. Ya ce haka ƙasar can take. Tudu ne mai tsawo da sanyi, duwatsu a kan duwatsu, wasu baƙaƙe wasu masu zanen fari da ja, kuma ruwa yana sauka can tun mu muna fama da bazara. Dutse ba ya shan ruwa, sai ya tunkuɗo shi ƙasa, ƙorama ta haɗu da ƙorama, har ya biyo ta Wudil ya iso mana. Ya ce yashin kogin namu ma dutsen can ne ya ruɓe ya marmashe, shi ya sa ake samun kuzar a cikin rafi. Ya rantse ya baro ana tafka ruwa.

Inna ta sa baki, Baba ya ce a bari har kasuwa ta sake ci. Bai yarda ba dai, don kuwa a tsakiyar kogin ya ci gaba da ɗaure jakinsa, kusa da ramin da muke yasar ruwa.

Ranar kasuwar, rana tsaka, ina cikin ramin da ƙwaryata na ji wani gurnani daga yamma. Yaya ya kwarara ihu daga gaɓa, "Ke, fito!" Wallahi ko ƙwaryar ban ɗauka ba. Da ƙyar ya tsinke igiyar jaki. Sai ga ruwa ja wur, da kumfa da karmami, sama kuwa tas, rana na dukan ƙeya. Na tsaya a gaɓa ina kuka ina dariya.

Baba ya iso da gudu ba hula. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tsuguna ya tsoma hannu, ya ce, "Ikon Allah, da sanyinsa ma ya zo." Ya juyo ga Yaya ya ce, "Gobe a kafa jigon ban-ruwa a fadama, a zuba masara." Ni kuma ya ce da ni, "Ke sarkin baki, ruga ki ce da innarki ta kwance tukwanen nan."