Rijiya Ta Ci Waya, Ta Bar Muryar Inna

Jama'ar gida, yau Inna ta yi mani faɗa, shekara biyu bayan rasuwarta!

Da safe na duƙa zan jawo guga, wayar da na soke cikin ɗankwali ta sulluɓe. Tsundum cikin rijiya! Nan na zauna ina kuka. Ba don wayar ba, don saƙonnin muryar Inna da ke ciki, ba ni da su ko'ina.

Sai ga ƙanwata Hadiza daga Bakura. Tac ce, "Yaya, share hawayenki. Tun kuna tare da Inna na buɗe maki ma'ajiya a intanet, kowane saƙo can yake zuwa ya kwanta."

Nic ce, "Abin da ke ƙasan rijiya?"

Tac ce, "Wallahi. Ma'ajiyar ce ke cinye datar da kike zargin maigidanki da cinyewa."

Munka tafi kasuwar Mafara munka sawo wata waya. Hadiza ta sa lambar sirri, saƙonni sunka dinga dawowa ɗaya bayan ɗaya! Na danna guda. Muryar Inna tsaf: "Balki, ki bar soke waya a ɗankwali, wata rana rijiya za ta ci ta."

Ina dariya ina hawaye nic ce, "Na ji, Inna."