Dougal Mai Zomo da Makullin Tudu

A kwarinmu idan ka ce Dougal kawai, sai an tambaye ka wanne, don muna da su har uku. Amma ka ce Dougal Mai Zomo, ko direban motar da ke zuwa daga birnin Inverness zai nuna maka gidanmu. Yayana ne. Ni ce Effie, ni nake masa girki tun rasuwar mahaifiyarmu. Shi bai taɓa aure ba, ni kuma nawa mijin ruwa ya ci shi a wajen kamun kifi, sai na dawo gida. Muna da 'yar gona a gindin tudu: tumaki kaɗan, kaji, fegin dankali da kabeji, da wata saniya mai taurin kai irin na mai ita.

Aikinsa zomo. Duk wanda zomaye suka addabi gonarsa, Dougal yake kira. Da sassafe zai saɓa akwatin katako a kafaɗa, a ciki akwai feret ɗinsa biyu, 'yan dabbobin nan dogaye masu wari da suke shiga rami su koro zomo. Ya bi bakin ramuka ya ɗaɗɗana raga, ya saki feret ɗaya, ya tsuguna shiru cikin yayyafi har ya ji gudun zomaye a cikin rami yana dukan ƙafarsa. Ba a taɓa jin ya bar feret a rami ba, ba a taɓa jin ya bar shingen wani a buɗe ba. Ni kuwa na dafa zomo ta kowace hanya da Allah ya halitta: da albasa, da karas, a cikin fulawa, a cikin romo. Idan na mutu aka tone ni, kunnuwa dogaye za a tarar.

Amma ba zomo ne a ran Dougal ba. Barewa ce. Tun yana saurayi abu ɗaya yake so a duniya, makullin ƙofar tudun Gwaggo Ishbel.

Gwaggo Ishbel ba gwaggonmu ba ce, haka dai kowa ke kiranta. Tudun da ke fuskantar tagar kicin ɗinmu nata ne, daga rafi har can inda hazo ke sauka, kuma bareyin da suka fi kyau a yankin nan a kansa suke kiwo. Mutum ɗaya take bai wa izinin harbi, shi ne mai riƙe makullin. A wajenmu kuwa ba a roƙon wannan abu. Wanda ya buɗe baki ya roƙa, an gama da shi, ranar Lahadi a coci sai an nuna shi da haɓa. Yadda ake yi shi ne ka yi wa mai ƙasa aikin zomo, ka gyara mata shinge, ka kama bakinka. Ranar da ta ga dama sai ta ɗauko makullin ta ajiye kusa da kofin shayinka, shi ke nan. Kuma idan an ba mutum, ba a karɓewa sai ya mutu ko ƙafa ta gaza.

Dougal ya fara yi mata zomo gashinsa na baƙi wuluk, ya ci gaba har ya yi fari. Makullin yana hannun wani tsoho mai suna Lachlan, wanda ya ƙi mutuwa ya ƙi gajiya. Dougal bai damu da jira ba. Yana da madubin hangen nesa na mahaifinmu, dogo, na tagulla. Kullum da yamma in ya ci abinci sai ya ja kujerarsa bakin taga ya kafa wa tudun ido. Ya san kowace barewa, ya san wadda ta haihu da wadda ta yi ɗingishi. Akwai wani tsohon namiji mai karyayyen ƙahon hagu da ya raɗa wa suna Dattijo.

"Effie, zo ki ga Dattijo," haka zai ce. "Ya fara ramewa. Maharbi mai hankali irin wannan yake cirewa ya bar majiya ƙarfi su yi iri. Lachlan ba ya gani yanzu. To a bar min shi, wannan nawa ne."

Har bindigar ya zaɓa. Ba a barin mutum ya ajiye bindigar barewa sai yana da ƙasar da zai yi harbi, don haka tana can a wani shago a Inverness. Duk sanda muka shiga gari sai ya je ya gaishe ta, ya ɗaga, ya auna bango, ya mayar. Mai shagon har ya daina tashi in ya gan shi.

To, sai kuma Hector.

Hector maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu, sa'an Dougal ne, aji ɗaya suka zauna. Ni dai ban san abin da mutumin nan ya yi wa Allah ba. Tumakinsa tagwaye suke haihuwa, namu ɗaya ɗaya. Iska ta kwashe rufin rumbunmu, nasa ko motsi. Ya auri Sheena, ashe kawunta yana da daji a bayan kwari, tun kafin su yi ɗan fari aka ajiye masa makulli kusa da kofi. Mutumin da sau ɗaya ya gwada aikin zomo, feret ɗin aro ya maƙale masa a rami, sai da Dougal ya je ya haƙo masa shi! Yanzu bangon gidansa ƙahoni ne reras, har ba wurin rataye hula. Abin da ya fi ci min rai, ba shi da mugun hali. Da yana da girman kai da mun samu abin kamawa. Ina! Kullum fara'a, kullum "Dougal, yaya ƙafar?" Mutum ya rasa ta inda zai tsane shi, sai dai ya yi ta haɗiyar abu.

Sheena kuwa, in muna shanya, sai ta leƙo ta kan katanga tana shinshina iska.

"Effie, wannan ƙamshi haka? Zomo ne yau ma?"

"Zomo ne, Sheena. Mu abin da ba ya maƙale wa mutum a haƙori muke ci."

Sai ta yi dariya, ni ma in yi, in shiga gida in buga murfin tukunya. Ina jin haushinta, ba zan ɓoye ba. Ina jin haushin firjinta, da ƙahoninta, da yadda take cewa "namanmu na bana" kamar ita ta yi rarrafen farautar.

Dougal shi nasa kishin ta baki yake fita. Duk ranar da ya kai wa Gwaggo Ishbel zomayen da ya kama, za ta zuba masa shayi, ta yanka masa burodi, ta tambaye shi labarin kwari. Da an ambaci Hector ko barewa, sai ya ajiye kofi.

"Farautar barewa? Haba Gwaggo, wannan ai aikin marasa aikin yi ne. Ƙato da shi ya wuni yana jan ciki cikin taɓo, yana shinshina iska, don harbi ɗaya. Sannan ya jawo gawa daga kan tudu har bayansa ya tsage. Naman ma busasshe kamar tafin takalmi. Ni ko kyauta aka ba ni ba na so. A bar ni da zomayena."

Haka yake faɗa shekara da shekaru, a kan tebur ɗaya, makullin wani lokaci ma yana leƙowa daga aljihun Lachlan a gefensa. Ni ban taɓa damuwa ba. Ai kowa a kwarin ya san zancen mai ƙuna ne. Wa bai san mutumin da ke zaune bakin taga da madubi ba? Na ɗauka ita ma ta sani. Na manta gidanta bayan tudun yake, ba ta taɓa ganin tagarmu ba.

Lachlan ya rasu lokacin haihuwar tumaki. Allah ya ji ƙansa, mun je jana'iza, Dougal yana cikin masu ɗaukar akwati, kuma na rantse ban taɓa ganin mai ɗaukar gawa yana tafiya da sauƙin ƙafa haka ba. Makullin ya koma kan ƙusa a kicin ɗin Gwaggo Ishbel, kusa da agogo. Duk bazarar nan Dougal bai bar mata zomo ko ɗaya ba. Ya gyara shingen da ba ta ce ya gyara ba. Ya sayi sababbin takalman hawa tudu, yana yawo da su cikin gida wai su saki. Ni ma har na share gurbi a firji, na tambayi Sheena a fakaice yadda take jiƙa cinya kafin ta gasa.

Da ganye ya fara ja, mazan bareyi suka fara ruri a kan tudu, sai ya ce in shirya in raka shi. Na ɗauki ƙwai a kwando, shi ya ɗauki zomaye huɗu, ya sa rigarsa ta coci. Muna shiga kicin ɗin idona ya tafi kan ƙusa. Wayam. Na taɓa shi da gwiwar hannu. Ya gani, kunnuwansa suka yi ja, ya zauna a hankali kamar kujerar za ta fashe. Na ce a raina, makullin yana aljihun rigarta ke nan.

Ta zuba shayi. Ta ajiye kofi a gabansa, ta ajiye cokali, ta ajiye sukari. Dougal yana kallon wurin da ba komai a gefen kofin. Ta zauna tana ba mu labarin ciwon ƙugunta. Shayi ya huce. Ni dai na kasa haƙuri.

"Gwaggo, na ga ƙusar nan ta yi fayau."

"Au, makullin? Ai na ba Hector shekaranjiya." Ta juya wajen Dougal da fara'arta, ta dafa hannunsa. "Ɗan nan, ka san kai na so in ba. Marigayi mijina ma kafin ya tafi sai da ya ce, in Lachlan ya gaza, Dougal ne. Na ɗauko shi ya fi a ƙirga in ajiye maka, sai in tuna maganarka. Na ce haba Ishbel, mutumin da ya yi miki wahala tun yana yaro, ki saka masa da aikin da ya tsana? Na san kunyarka, in na ajiye ba za ka iya ƙi ba, ka je ka yi ta jan ciki a taɓo saboda ni. Shi Hector ya saba."

Na taka ƙafar Dougal a ƙarƙashin tebur, na taka da ƙarfi, a kan sabon takalmin. Ko ba za a karɓe daga Hector ba, ai sai ya faɗa mata gaskiya, ta san abin da ta yi. Ya ɗauki kofin, ya kurɓa.

"Kin kyauta, Gwaggo," ya ce. "Kin raba ni da wahala."

"Na sani," in ji ta, ta ƙara masa burodi.

Muka kamo hanyar gida. Ni ce na yi ta faɗa, na zagi Hector, na zagi Sheena, na zagi tudun, na zagi bakin Dougal. Da muka zo rafi ya tsaya ya ce, "Effie, ya isa." Na daina, don muryar kamar ba tasa ba.

Al'adarmu, barewar farko da mutum ya harba a sabuwar ƙasa, cinya ɗaya ta mai ƙasa ce, ɗaya ta maƙwabci mafi kusa. Mako bai cika ba sai ga motar Hector a ƙofarmu da hantsi, ya fito da cinya naɗe a farin ƙyalle, yana ta murmushi. Kan barewar yana bayan mota. Tun daga bakin ƙofa na hango ƙahon hagu a karye.

"Tsoho ne tukuf," in ji Hector. "Haƙora duk sun ƙare, ba zai ga ƙarshen hunturu ba. Na ce gara in fara da shi. Dougal, wallahi ka riƙa raka ni mana. Tudun nan ban san shi ba, kai kuwa kullum yana gabanka."

Dougal ya tsaya a bayan motar yana kallon Dattijo. Ya sa yatsa ya taɓa wurin karayar.

"A ina ka same shi?"

"Ƙasan farin dutsen nan."

"Nan yake kwanciya in iska ta taso daga yamma." Ya janye hannunsa ya sa a aljihu. "Ina da zomaye, Hector. Mun gode da nama."

Cinyar maƙwabci ba a mayarwa, ba a bai wa kare. Na jiƙa ta yadda Sheena ta ce, na gasa a hankali da albasa da dankalinmu. Tsakani da Allah ban taɓa cin nama mai daɗinsa ba, laushi kamar man shanu, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai, don Sheena haka take ci duk shekara. Dougal ya cinye nasa tas, ya goge farantin da burodi.

"Busasshe," ya ce.

Washegari da na sauko, ya juya kujerarsa ta ba taga baya. Wai haske na damun idonsa. Madubin yana nan a kan taga, ni nake goge masa ƙura. Har yanzu yana kai wa Gwaggo Ishbel zomaye, tana zuba masa shayi, tana gaya wa mutane yadda ta hutar da shi.

Jiya muna cin abincin rana sai muka ji harbi ɗaya daga kan tudu. Cokalinsa ya tsaya a iska. Bai waiwaya ba.

"Daga bakin rafi Hector ya harba," ya ce. "Ya yi gaggawa. Da ni ne, da na jira iska ta juya."

Sai ya miƙo min farantinsa, na ƙara masa zomo.