Takardar da ba ta yaguwa

A shekarar da aka fara shari'a ina aji biyu a kwaleji. Kullum daga gidanmu da ke bayan rijiyar Kusugu nake tafiya. Babana baduku ne, kuma ya sha magana a unguwa kafin ya bar ni na ci gaba da karatu. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini: kada sunana ya fito a wata rigima.

Lokacin an daina kiɗa a bukukuwa. Bikin yayata aka yi shi shiru, ƙoren da gwaggona ke kaɗawa suna kife a kan rumbu. Abin ya tsaya mini a rai, sai na rubuta waƙa a kan ƙwaryar da ke kewar ruwa da tafin mata. Ban sa suna ba. Na liƙa ta a allon sanarwa na ɗalibai. Amma da bisimilla na buɗe ta, da rubutun Larabci, yadda aka koya mana tun muna yara.

Wannan ne kuskurena. Duk takardar da ba a so a allon, yaga ta ake yi a watsar, magana ta mutu. Tawa kuwa babu mai iya yagawa ko ya bar ta a ƙasa. Wanda ya cire ta ya rasa inda zai kai ta, ya miƙa wa wani, wancan ya karanta ya miƙa. Kafin azahar an rabu gida biyu a gindin darbejiya. Wasu na cewa ɗalibi na da 'yancin faɗin abin da ke ransa, wasu na cewa izgili ne ga doka, a nemo mai ita a kore shi. Ina gefe da littafi a buɗe, ba na ganin ko harafi ɗaya.

Kwana uku ban iya cin tuwo ba. Ko sallama aka yi a zaure sai na leƙa na ga ko daga kwaleji aka zo.

Ran Alhamis kwamitin ladabtarwa ya kira 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rubuta layi biyu a gwada hannu. Malamar adabinmu ce ke riƙe da waƙar, ita da ta shekara biyu tana duba rubutuna. Na karkatar da biro, na yi haruffa manya, munana. Na miƙa mata takardar.

Ta daɗe tana kallon takardun biyu.

"Ba hannunki ba ne, ɗiyata," in ji ta. "Tashi ki tafi aji."

Da yamma aka ƙone waƙar a cikin kasko mai tsabta, aka binne tokar. Na gama kwaleji, babana bai taɓa ji ba. Sai dai dole na ci gaba da rubutu da wancan karkataccen hannu har ƙarshen zango, kada wani ya lura. Ya zame mini jiki, da shi nake rubuta wannan.