Ni ne na kira lambar

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana, Malam Habibu tela na Ƙofar Guga, Allah ya jiƙansa. Karatuna bai yi nisa ba, ban kuma taɓa rubutu a jarida ba, amma akwai maganar da ta daɗe tana cina.

Yaya mutumin rediyo ne. Yana taka keken ɗinki, akwatin na gefensa. Abin da ya fi saurara shi ne sanarwar rasuwa: sunan mamaci, unguwarsu, lokacin jana'iza. Ko bai san mutum ba, sai ya tsayar da ƙafa ya yi masa addu'a.

Da korona ta zo, muryar rediyon ta canza. Kullum umarni: a zauna gida, a rufe hanci, a bar musabaha, ga kuma lambar da za a kira idan an ga mai tari da zazzaɓi. Daga nan sai adadi, kaza sun kamu, kaza sun rasu. Ya taɓa ce mini, "Lawal, ka lura? Gwamnati ta koyi ƙirga mu, 'yan jarida kuma sun manta muna da suna."

Sai ga shi ya fara tari. Na ce mu je asibiti, ya ce, "Mura ce. Kai ma rediyon ya shige maka kai." Gida ɗaya muke, ina da jariri a ɗaki. Na zagaya bayan gida na kira lambar, ban shawarci kowa ba. Da la'asar mota ta zo da ma'aikata cikin fararen kaya, 'yan unguwa suna leƙe daga zaure. Da zai shiga ya juyo ya ce, "Ka rufe mini shago." Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

A can inda aka killace shi ya cika. Ba mu muka yi masa wanka ba, daga nesa muka tsaya aka sa shi a makwanci. Washegari na kunna akwatinsa, mai karanta labarai ya ce an samu ƙarin mutum ɗaya da ya rasu, ya wuce labari na gaba.

Ban ɗauki kiran a matsayin laifi ba, shirun da ya biyo baya shi ne laifina. Matarsa, Yaya Binta, ta ɗora zargi kan maƙwabcinmu Malam Iro, don an gan shi da waya a kunne ranar. Har yau ba ta amsa sallamar gidansa. Sau da yawa ta faɗa a gabana: "Wanda ya kira motar nan, ban yafe ba." Ni kuwa sai in sunkuyar da kai.

Yanzu rediyo ya daina ƙirgan, sanarwar rasuwa ta dawo da sunaye, mutane na musabaha kamar ba a yi ba. Da Yaya Habibu zai leƙo duniya, ba na jin zai yi mamakin 'yan jarida. Mamakina zai yi, ni ƙanensa da ya ɓoye nasa sunan ya bar wani da nauyi.

Keken ɗinkinsa ya yi tsatsa. Abin da ya rage mana daga gare shi shi ne girmama sunan mutum. To, ga nawa: Lawal. Malam Iro bai kira kowa ba.

Kafin jaridar nan ta fito, zan yi sallama a ɗakin Yaya Binta in faɗa mata da bakina. Ban sani ba ko za ta yafe mini. Roƙona ɗaya ne, ta amsa sallamar gidan Malam Iro.