Lakar da Inna ta Wanke

Ni 'yar Maradi ce, kuma sai da na shekara ashirin da ɗoriya kafin na ga teku da idona. Duk da haka karatun da ya kai ni Lyon, a ƙasar Faransa, na fadamun bakin teku ne. Ƙanwar mahaifiyata, wadda nake kira Inna, ita ta riƙe ni a garin. Tana da kanti a unguwar La Guillotière inda take sayar da kuka da daddawa da busasshen kifi, kuma duk cikin masu yi mini dariya babu wanda ya kai ta. Da abokiyar ciniki ta shigo sai ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ga ɗiyata nan, daga Maradi ta taso takanas ta zo ta koya wa Turawa taɓo."

Aikin nawa bai da wuyar faɗi. Kogin Rhône da ke wucewa kusa da kantin Inna yana gangarawa kudu har ya faɗa teku, kuma a inda suka haɗu akwai fadamu masu faɗi, cike da ciyawar da ke jure gishiri da tsuntsaye da sauro marasa kunya. Teku yana tasowa kaɗan kaɗan. Fadama kuwa ba zama take yi ta jira a nutsar da ita ba. Duk sa'ad da ruwa ya malalo ya ja baya yakan bar laka, ciyawa ta riƙe lakar, saiwoyi su ƙara mata kauri, sai ƙasar ta ɗan ɗaga. In ɗagawarta ta kai ta teku, ta tsira. In madatsun da aka gina a kan kogin sun tare lakar tun daga sama, ko an kewaye fadamar da jinga ruwa ba ya shiga, sai ta tsaya cak teku ya cim mata. Abin da nake son sani shi ne wace fadama ke tashi, wace ce ta gaza.

Yadda ake aunawa shi ya fara sa ni son aikin. Za ka zaɓi ɗan fili kamar faɗin tabarmar salla, ka kafa turaku a kusurwoyinsa, ka barbaɗa farar ƙasa har ta rufe shi, ka yi tafiyarka. Bayan shekara ɗaya ko biyu ka dawo ka soka bututun roba mai haske, ka zaro. A jikin bututun za ka ga farin layi, duk lakar da ke samansa sabuwa ce. Na yi haka a wurare uku: gefen kogi, bayan jinga, da can gaba inda fadamar ke fuskantar teku. Na ukun ne ƙashin bayan binciken, domin da shi zan gwada sauran.

A kaka ta biyu aka ce babbar iska na tafe daga teku. Na san gaɓar wurin nan na gaba ta riga ta fara zaizayewa, sai na hau jirgin ƙasa ba shiri, na shiga taɓo har ƙugu, na zaro bututuna kafin sama ta rikice. Na ga fararen layukana ƙarƙashin laka, na yi murna kamar an yi mini bushara. Da na dawo Lyon ranar Juma'a da yamma na tarar an rufe ɗakin bincikenmu sai Litinin, ga shi lakar tana bukatar sanyi. Sai na nufi kantin Inna.

"Mi ne ne wannan mai wari?" ta ce, tana toshe hanci da gefen mayafi.

"Kayan jami'a ne, Inna. Ki aje mini su cikin firigo zuwa Litinin. Amana ce, ki kula mini da su."

"To, na ji. Aje su can ƙasa, nesa da kifina."

Ranar Litinin da safe na same ta tana fara'a. Ta shiga ciki ta fito da wani ƙunshi a sabon ƙyallen atamfa, ta kwance shi a gabana. Bututuna ne, a jere, an wanke su tas har suna ƙyalli.

"Da ruwan zafi na bi su," in ji ta, "har da ɗan tsinke na sa a lungunan. Yo ke, kayan aro ne hwa. A gidanmu ko kwanon maƙwabta ba a maida shi da dauɗa, bare kayan malamanki. So kike su ce ba ki da uwa a garin?"

Na tsaya ina kallon ƙyallen. Shekara biyu na rayuwata sun bi rariyar kanti. Ni ba mai sanyin baki ba ce, duk danginmu sun sani. Amma matar nan ta kashe Lahadinta tana goge mini kaya don kada in ji kunya a gaban baƙi. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Sannu da aiki, Inna. Na gode." Na ɗauki ƙunshin na fita, na je kan gadar kogi na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba tun zuwana ƙasar.

Na koma kudu da iska ta lafa, ina fatan in sake zaro wasu. Inda turakuna suke sai na tarar da ruwa shimfiɗe, igiya na kai da kawowa. Teku ya cinye wurin gaba ɗaya, har da farar ƙasata. Na bi gaɓa ina zagin iska da Hausa, tunda ba mai ji. A nan na lura da wani abu. Iskar ta fasa wata tsohuwar jinga, ruwan gishiri ya shiga wata makiyaya da aka daɗe da bari, ya shimfiɗa mata sabuwar laka mai santsi. Na daɗe a tsaye a bakin fasasshiyar jingar kafin na juya.

Malamar da ke duba aikina tana Paris a lokacin, sai na bi ta can. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce da wurare biyun da suka rage zan iya rubuta wani ɗan abu in karɓi takarda ƙarama in tafi. In kuwa digirin da na zo nema nake so, sai na sake barbaɗa ƙasa na jira wasu shekaru biyu, kuma tallafin karatuna ba zai kai can ba. Na gaya mata labarin makiyayar. Na ce fadamar da teku ya ci ta gaba, ina zaton baya take son ja zuwa cikin makiyayar, in ta sami hanya, kuma ina so in kasance a wurin in gani. Ta ce zato ne kawai, yana iya yiwuwa wurin ya zama tafki, ciyawa ba ta kama ba. Na ce na sani.

Inna ba ta san komai ba, illa dai ta ga na rame. Wata rana bayan la'asar ta zaunar da ni a bayan kanti ta ce tana neman wanda zai zauna mata a Paris, ya riƙa karɓar kayanta a kasuwar Rungis yana turo mata. Ta riga ta yi magana da wata ƙawarta a Bobigny, a gefen Paris, da za ta ba ni ɗaki.

"Kin iya Faransanci, kin iya lissahi. Wannan taɓon ya ishe ki hakanan. An ce bana za ki ƙare, to ki ƙare ki zo mu yi abin da ake gani."

"Ba bana zan ƙare ba, Inna. Sai nan da shekara biyu."

"Don mi?"

Na so in ɗora wa iska laifin duka, kuma da ta yarda. Amma in na yi haka, gobe ma za ta ci gaba da ganin aikina a matsayin dauɗar da ake wankewa. Sai na sunkuyar da kai na gaya mata cewa bututun ba su da wata daraja, ana sayensu a ko'ina. Lakar da ke ciki ita ce karatun.

Ta dubi hannuwanta, ta juya su.

"Kuma kika ce mini kin gode," ta ce a hankali.

"To mi zan ce, Inna?"

Ba ta ba ni haƙuri da baki ba, manyanmu ba su saba ba. Ta tashi ta tambaye ni da me ake barbaɗa farar ƙasar. Na ce da hannu. Ta ce shi ya sa, aikin hannu ba ya yin daidai, ta zaro sabuwar rariyar tankaɗe daga cikin kayan sayarwa ta miƙo mini. Maganar Paris kuwa ba ta sake tayar da ita ba.

Da rariyar nan na tankaɗe filayena a makiyayar, suka fito sumul fiye da na farko. Da tallafi ya ƙare na koma tsaron kanti rabin mako, rabin mako ina ɗakin bincike. Abokan karatuna suka gama suka watse, wasu suka koma Yamai suka kama aiki, ni ina nan ina auna wa mutane kuɓewa. Akwai ranakun da na tsani teku da kogi da duk wanda ya fara cewa in yi karatu. Amma duk bayan 'yan watanni sai in sa takalmin robana in je in duba. Shekarar farko ba abin da ya fito sai ɓawon gishiri. A bazara ta biyu na ga wasu 'yan tsirrai masu kaurin ganye sun ɓullo nan da can, irin waɗanda suke a wurin da teku ya cinye.

Da kaka ta zagayo na durƙusa a gefen turakuna na soka bututu. Sai da na yi bisimilla sau biyu kafin na zaro. Na goge jikinsa da hannun riga. Farin layin yana nan, a miƙe, laka a kansa, siraran saiwoyi sun ratsa ta.

Na kira Inna daga nan inda nake durƙushe. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Ta tashi?"

"Ta tashi, Inna. Kaurin yatsa biyu."

Na ji ta aje wayar a kan teburin kanti ba ta kashe ba, na ji tana jan hanci, sannan na ji muryarta tana gaya wa wata mai sayen daddawa, da ƙarfi yadda duk kantin zai ji, cewa ƙasar ɗiyarta ta tashi.