Kwamfutar Malam Sagiru da Aka Goge

Shekara shida ke nan da muka ɗauko Malam Sagiru daga Rogo muka kai shi makwancinsa a Yammedi. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ɗauki alƙalami in ajiye, domin na san idan na fara, faɗa ne zai fito maimakon ta'aziyya. Bana na gaji da haɗiyewa.

Tare muka taso da Sagiru, tare kuma muka koyar a wata sakandare a Rogo, ni labarin ƙasa, shi lissafi. Ba zan kama sunan makarantar ba. Waɗanda nake nufi sun san kansu. A lokacin, littafin kimiyya ɗaya aji guda yake rabawa, shi ma bangonsa ya fita, shafukan ƙarshe sun ɓace. Intanet kuwa sai mai hali, kuma ko kana da halin, sai ka zagaya bayan ajujuwa kana ɗaga waya sama.

Wata rana Sagiru ya shiga sito neman alli, ya fito rungume da wata tsohuwar kwamfuta wadda har ɓeraye sun yi ɗaki a kwalinta. Na ce, "Malam, gwangwan za ka fara saye?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗakin karatu na tsinto mana."

Abin da ya yi niyya shi ne ya mayar da ita sabar, wato kwamfutar da take zaune wuri ɗaya tana miƙa wa wayoyi da sauran kwamfutoci shafukan da suka nema. Manyan manhajojin da ake wannan aiki da su sun fi ƙarfinta, da ya ɗora mata ɗaya sai ta sanƙare kamar an ɗaure ta. Sai ya nemo wata ƙarama mara nauyi, wadda ba ta cin wuta, ba ta cika wa na'ura ciki. Ɗorawar ba ta ɗauke shi lokaci ba. Saitin ne ya ba shi wuya. Akwai wani ɗan fayil da ake rubuta wa manhajar umarni a ciki: ta wace ƙofa za ta saurari masu shigowa, a ina littattafan suke ajiye, mutum nawa za ta karɓa a lokaci guda. Kullum aka tashi daga makaranta sai ya zauna a kansa har la'asar, ni ina bakin ƙofa ina jira, domin babur ɗaya muke hawa. Kwana uku ya yi abu ya ƙi tashi, ashe wata 'yar alama ce kamar waƙafi ya manta a ƙarshen layi. Da ya gano ta, sai da ya dafe kai ya yi salati.

Ya haɗa ta da wata ƙaramar na'urar waifai da sola guda da batir. Ya ce da ni, "Kashe datarka. To, shiga nan, rubuta waɗannan lambobin." Na rubuta. Sai ga farin shafi ya buɗe a wayata, da rubutu layi ɗaya: Bismillah, ku shigo ku karanta.

Daga nan ya shiga cika ta. Ya bi malamai gida gida yana aron littattafai yana ɗaukar hoton shafuka. Ya zuba tambayoyin jarrabawar baya. Ya naɗi muryarsa yana warware lissafi da Hausa, a hankali, yana maimaitawa kamar mai lallashi. Ni ma ya tilasta mini na karanta darussana ya naɗa. Yaran da suke zuwa daga rugage, waɗanda damina kan hana su zuwa wani lokaci har mako guda, sai su aro wayar gida su zauna gindin darbejiya, su kwashi darasi su tafi da shi. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya gode masa a takarda.

Wata ranar kasuwa, yana komawa gida shi kaɗai saboda ni na tsaya wani taro, motar hatsi ta buge shi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Kwamfutar ta ci gaba da aiki bayansa shekara biyu ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Ya saita ta yadda in batir ya ƙare ta mutu, da rana ta fito za ta tashi da kanta. Nakan wuce in ji muryarsa tana fitowa daga wayar wata ɗaliba, in sauya hanya don kada yara su ga idona.

Sai aka kawo sabon shugaban makaranta, aka kuma kawo ɗan kwangila da sababbin kwamfutoci masu sheƙi. Ba na ƙin sabon abu, Allah ya sani. Amma da na ga ana kwance solar Sagiru za a kai sabon ɗakin kwamfuta, na je ofis na ce, "Ranka ya daɗe, wannan aikin marigayi ne, karatun yara ne a ciki. A bar mata wutarta." Ya ce, "Malam, ai an wuce wannan zamanin. Yanzu komai a intanet yake." Ɗan kwangilar ko ɗago kai bai yi ba, ya ce ba ta cikin tsarinsu. Ranar Litinin na zo na tarar da ita a kan teburin akawu. Sun goge ta tas don a riƙa buga wasiƙu da ita. Littattafan, tambayoyin, muryar, duka. Babu wanda ya tsaya ya kwafi ko fayil ɗaya.

Ku je ku ga sabon ɗakin yau. Intanet ɗin da aka zo da shi bai kai ƙarshen zangon karatu ba ya yanke, ba a sake haɗawa ba. Kwamfutocin suna lulluɓe da zannuwa, ƙofa da kwado, sai za a yi baƙi ake buɗewa a share, a zaunar da yara a ɗauki hoto. Yaran da aka zaunar ɗin da yawansu ba su san inda ake kunnawa ba. Littafin kimiyya kuwa har yanzu aji guda ne yake rabawa.

Me Sagiru zai ce da ya gani? Na san shi, ba zai ɗaga murya ba. Zai tambayi inda aka ajiye mukulli, in an hana shi ya koma sito ya duba ko akwai wata da aka yar. Ni ba ni da haƙurinsa. Ina tambayar waɗanda suka yi wannan: me ta tare muku? Wurin da ta ci bai kai na buta ba. Laifinta kawai ba a yanka mata ƙyalle ba, ba a kira kowa ya yi jawabi a kanta ba. A ƙasar nan abin da yake aiki shiru ba shi da daraja, sai wanda za a tsaya a gabansa a yi murmushi.

Ni ma ban fita daga laifi ba. Sau nawa ya ce, "Zo ka zauna in nuna maka, ba wuya," ina cewa kaina na taswira ne? Shekara biyu tana gabana, ban sayi ko filashi na kwafe abin da ke ciki ba. Na ɗauka za ta dawwama. Idan 'ya'yansa suka girma suka ce in jiyar da su muryar babansu yana koyarwa, ban san da wane baki zan ba su amsa ba.

Bara matarsa, Malama Zulai, tana gyara kayansa ta tsinci wani littafin rubutu. A ciki ya rubuta duk matakan da ya bi, da Hausa, layi bayan layi, har da kurakuran da ya yi da yadda ya gyara su. Ta ba wa Rabi, tsohuwar ɗalibarsa wadda yanzu take koyarwa a wani ƙauye a ƙasar Karaye. Rabi ta samo tsohuwar kwamfuta, ta bi littafin, ta sha wuya makonni, abu ya tashi. Na je na gani da idona. Yanzu muryarta ce a ciki, tana warware lissafi a hankali, tana maimaitawa. Muryarsa ta tafi, amma yadda ake yin abin bai tafi ba, kuma wannan karon ta kwafe komai a wuri uku.

Da zan tafi na gaya mata zan rubuta labarin a jarida. Ta rako ni har bakin babur, ta rusuna ta ce, "Malam, don Allah kada ka faɗi sunan makarantarmu. Ina tsoron su ji su zo su gyara mana."

Ban faɗa ba, Rabi. Allah ya jiƙan Sagiru, ya kai haske kabarinsa.